Gorar Ko Tha Dun

Dutsen farko ta tagar direba ya shigo. Na biyu ya sami wata mai sayar da kifi a baki, ta tofo haƙora a tafin hannu tana kallonsu kamar ba nata ba. Wata dattijuwa mai suna Daw Ngwe ta rungume tukunyar miyar da take kaiwa kasuwa, ta duƙa tsakanin kujeru. Direba ya murɗa sitiyari don ya kauce wa taron da ya tare kwana, sai ji kake ƙau! Ƙahonin ƙarfen nan biyu da ke kan rufin bas suka goce daga wayoyin lantarki, tartsatsi ya zubo, mota ta mutu nan take.

Duk ɗan birnin Rangun ya san halin bas mai ƙaho. Muddin ƙahoninta na manne da waya, sulu take tafiya, ba hayaƙi ba ƙara. In suka goce kuwa, akwati ce kawai cike da mutane. Ga shi masu yajin aiki sun rantse duk motar da ta fito titi sai ta ci wuta, 'yan daba kuma sun cuɗu da su, irin waɗanda ba su taɓa aiki ba balle su yi yaji. Ta tsagar ƙofa Daw Ngwe ta hango wani ƙato yana ratso taro da galan ɗin kananzir a kafaɗa.

Direba ya shiga ƙwala wa kwandasta kira ya maido da ƙaho. Kwandastan nan sunansa Tha Dun, ana ce masa Ko Tha Dun don girmamawa, maƙwabcin Daw Ngwe ne, katako ɗaya ya raba ɗakinta da nasa. Aikin ba wani aiki ba ne: doguwar gora mai ƙugiya a baki ake zarowa, mutum na tsaye a ƙasa ya ɗago ƙaho ya ɗora a waya, shi ke nan. To, ba gora a motar. Daw Ngwe kuwa ta san inda take, tana jingine a bayan madafinta.

Makon jiya ne ya kawo ta gida don ya ƙara ɗaure ƙugiyar. Ita kuma igiyar shanyarta ta tsinke, ta ga gora a banza, ta gicciya ta daga taga zuwa reshen tsamiya ta shanya zannuwanta. Da sassafe gogan naka ya fito da magagin barci, ya bi ta ƙarƙashinsu sumul. Kai, ranar unguwa ta ji hayaniya! A garin nan namiji ba ya bi ta ƙarƙashin zanin mace, wai yana karya masa lago, balle Ko Tha Dun da jikinsa ya sha zanen tsari daga ƙugu har gwiwa, ga maganin ƙarfe da wani boka ya binne masa a fatar ƙirji. Ya yi ta kumfar baki, ya rantse hannunsa ba zai sake taɓa gorar nan ba. Ɗakin kayan kamfani kuma a kulle saboda yaji, ba inda zai samo wata.

Daw Ngwe ba ta da waigi in an zo wajen baki. Ta kama ƙugu ta ce, "Kai Tha Dun, daga ƙarƙashin wane zani ka fito duniya, na ubanka?"

Mata suka kwashe da dariya. Tun ranar ko gaisuwa ba sa yi, kuɗin mota ma fuska a kauce yake karɓa.

Yanzu ga shi tsaye a bakin ƙofar baya, ya tattare gyautonsa, irin wanda mazan garin ke ɗaurawa, ya soke a ƙugu. Sau ɗaya ya dube ta.

"Inna, ki ƙara duƙawa."

Ya fita, ya kama tsanin ƙarfe na bayan mota. Tun bai kai rabi ba aka cafke ƙafarsa. Ta ga adda ta ɗaga, ta ji saukarta, ƙara irin ta fasa kabewa. Ya yi shuri ya fizge, ya haye. Sai takunsa a kan rufi, daram daram, duwatsu na zubar masa kamar ƙanƙara. Ƙaho ɗaya ya hau waya. Wani bulo ya tashi sama, suka ji faɗuwar mutum a saman kawunansu, jini ya biyo gilashin taga yana tsiyaya. Mai kifi ta ƙwalla ƙara. Warin kananzir ya cika motar, wani a waje yana tambayar wa ke da ashana.

Tsoro ya kama Daw Ngwe, wanda ba ta taɓa jin irinsa ba, haushin kanta kuma ya fi tsoron. Sai suka ji ana jan jiki a kan rufi, a hankali, a hankali. Tartsatsi ya sake zubowa, ƙaho na biyu ya hau, fitilun ciki suka kama. Direba ya taka iya ƙarfinsa, ya bangaje mai galan, bai tsaya ba sai gaban haikalin da ke bakin tafki.

Maza suka sauko da shi. Cinya a tsage, kai a fashe, jini na tsartuwa. Daw Ngwe ta warware gammonta, tsohon zani ne mai furanni da take naɗewa ta ɗora tukunya a kai, yana cikin waɗanda ya bi ta ƙarƙashinsu ranar nan. Wani dattijo ya riƙe mata hannu, wai ba a ɗora wannan a kan namiji. Ta ce to ya ciro nasa rawanin, ya ja da baya yana ƙunƙuni. Ta zage shi tas, amma hannunta ya tsaya cak a sama, ta kasa.

Ko Tha Dun ya buɗe ido ɗaya. "Mai furannin nan ne?"

"Shi ne, ɗana."

"Ɗaura, Inna. Abin da zai karye ai ya riga ya karye."

Ta ɗaura, ta danne da hannu biyu tana kuka a fili, ba kunya. Ya tambaya ko motar ta fita, ta ce ta fita, kowa lafiya. Ya ce a gaya wa Ma Ohn, matarsa, kada ta jira shi da shinkafa. Kafin a samo keken da zai kai shi asibiti, hannunsa da ke riƙe da gefen rigarta ya saki, ya cika.

Bayan yaji ba wanda ya zo daga kamfani neman gorar, Ma Ohn kuma ta ce ba ta son ganinta. Tana nan jingine a bayan madafi, ƙugiyar ta yi tsatsa. Daw Ngwe ba ta sayi sabuwar igiya ba. In ta yi wanki, a ƙasa take baza zannuwanta kan ciyawa, ta danne kowace kusurwa da dutse.