Littafin da Aka Kafa Shaida da Shi

Alƙali ya ɗaga littafin da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera a rumbu.

"Malam Shitu, naka ne?"

"Nawa ne, Allah ya gafarta Malam."

Shitu ya waiga. A gefe yayansa Ubale na durƙushe, igiya a ƙugu, dogari a kansa. Shekaranjiya rumbun dagaci ya ƙone ƙurmus, ba wanda ya ga mai cinna wutar. Amma dagacin nan bai taɓa rasa shaida ba. In mutane sun yi masa ƙaranci, ko takarda ma ta isa.

* * *

Shekara uku Ubale ya yi a gidan yari kan satar bijimi da bai yi ba. Laifinsa na gaskiya shi ne ya ƙi sakin fadamar ubansu da dagaci ya ƙyalla wa ido. Ya fito bara, 1954, ya tarar da rake a fadamar, ba nasa ba. Tun daga nan ya daina magana, ko da matarsa Tasalla.

Shitu malamin elemantare ne a Bebeji, kuma yana da ciwon ’yan boko: gani yake kowace cuta akwai littafin da ke maganinta. Ya ɗauko wani na wani Bafaranshe da aka juya zuwa Turanci, ya tako keke har ƙauyensu kudu da Kiru.

"Yaya, wannan kai aka rubuta wa. Wani matuƙin jirgin ruwa ne aka ɗaure bisa ƙarya. Ka saurara, za ka ji sanyi."

Kowace Juma’a bayan la’asar yana karantawa yana fassarawa a gindin tsamiya. Ubale ya fara ɗaga kai, har wata rana ya yi dariya. Maƙwabta suka riƙa matsowa da tabarminsu. Shitu ya ji daɗin taron ƙwarai, bai taɓa tambayar kansa kunnen wa ke cikinsu ba.

* * *

"Mutumin cikin littafin," in ji alƙali, "da ya fito, ya rama?"

Shitu ya dubi yayansa. Ranar gobarar Ubale na kasuwar Kiru, mutum goma sun gan shi, ga huɗu daga cikinsu nan zaune sun sunkuyar da kai. Shitu ya so ya yi ƙarya, amma ya riga ya rantse.

"Ya rama. Sai dai a ƙarshe ya yi nadama, ya gane cewa…"

"Kun kai ƙarshen da shi?"

"Saura kaɗan."

"To, ramuwar ya ji, bai ji nadamar ba. Malam Buba magatakarda, rubuta."

Shekara biyar aka yanke. Ubale ya miƙe da kansa kafin dogari ya ja igiyar.

A waje Tasalla na tsaye da goyo. Ba ta yi kuka ba. Ta bari sai da mutane suka watse, sannan ta matso.

"Malam, ni ta bayan danga nake saurarenku, wani wurin ya wuce ni. Wadda mutumin littafin ya bari a gida, ta jira shi?"

Shitu ya san amsar sarai. Ya sunkuya yana gyara sarƙar kekensa, wadda ba abin da ya same ta.