Gadon Lilo Daidai Tsawon Baba

Ranar da Baba ya ce zai bar wa ƙanensa Baffa Reino kwalekwalensa, ina tsaye ina wanke kofuna. Dama ni ba mai yawan magana ba ce, ko a jami'a layin baya nake zama. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Tun kafin a haife ni su biyun suke tafiya tafkunan da ke arewacin garin Ely duk watan Agusta, su yi mako guda suna kamun kifi suna tsokanar juna. Bara aka yi wa Baba tiyata a gadon baya, likita ya hana shi kwana a ƙasa. Sai ya sayo gadon lilo, irin wanda ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu, ya gwada shi a filin da ke bayan gidanmu, ya tashi da safe a lanƙwashe.

"Kamar ayaba na kwana," na ji yana faɗa wa Baffa a waya. "Kai a sama, ƙafa a sama, baya a ƙasa. Zo ranar Asabar ka ɗauki kwalekwalen, ka nemi wani abokin tafiyar."

Na ɗauko gadon daga gareji, na shimfiɗa a ƙasa na auna. Ƙafa tara. A jikin jakarsa an rubuta na mutum biyu ne, kuma na san abin da ya ruɗi Baba ke nan: a ganinsa abin da zai ɗauki mutum biyu ai ba zai gaza da dogo ɗaya ba. Alhali faɗi aka ƙara masa, tsawon yana nan yadda yake. Na sha kwana a gadon lilo lokacin da muke shiga daji binciken tsuntsaye a makaranta. Ba a miƙe ake kwanciya a ciki ba, a karkace ake yi, kai ta wannan gefe, ƙafa ta wancan, sai yadin ya baje kamar katifa. Amma fa sai in tsawon ya kai.

Da na ce ya tsaya in auna shi, da cewa zai yi in daina wahalar da kaina. Don haka ban tambaye shi ba. A jikin ƙofar kicin akwai layukan fensir da marigayiya Mama ta riƙa ja a saman kaina ina tasowa, can sama da su duka kuma akwai na Baba, wanda sai da ta hau kujera ta ja shi. Ƙafa shida da inci huɗu.

Na sayo yadin nailan mai ƙarfi, na yanka ƙafa goma sha biyu, na kalmashe gefunan a keken ɗinkin Mama, na tattare bakin kowane ɓangare na ɗaure da igiya. Ranar Asabar bayan cin rana na rataya shi. Ban ja igiyar ta yi tsam ba kamar yadda Baba ya yi wa nasa. Na bar shi ya ɗan yi ciki.

Baba na goge kwalekwalen da tsumma.

"Baba, zo ka kwanta."

"Kaisa, na gama da lilon yaran nan."

"Wancan ne na yara. Wannan naka ne."

Ya dube ni, don bai saba jin na maimaita magana ba. Ya ajiye tsumman, ya zo ya zauna a hankali yana dafe da ƙugu, ya miƙe a tsakiya. Na kama idon sawunsa na tura ƙafafun dama.

"Kafaɗa kuma hagu. Ƙara. Yawwa."

Ya motsa yatsun ƙafa, ya shafa yadin ta ƙarƙashin bayansa.

"Katako kika sa a ciki?"

"Tsawo na sa."

Kafin motar Baffa ta shigo, hular Baba na kan fuskarsa yana munshari. Baffa ya zagayo ta bayan gidanmu yana kaɗa makulli, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"'Yata, wa kuka shanya a nan?"

"Gajere," in ji Baba daga ƙarƙashin hula, "taɓa kwalekwalen nan ka gani."

"Kai fa ka kira ni, Dogo. Har na yi wa surukina alkawarin tafiya."

"Je ka ba shi haƙuri."

Ya sauke ƙafafunsa ƙasa ya miƙe tsaye. Ni hannunsa nake kallo, ko zai kai shi ƙugu kamar kullum. Bai kai ba. Hula ya gyara, ya nufi gareji yana tambayar inda aka ajiye ƙugiyoyin kifi.

Baffa ya shafa yadin, ya ɗan gwada nauyinsa a kai.

"To ni yaushe za a auna ni?"

"Ba sai an auna ka ba, Baffa," na ce. "Tsohon yana gareji. Har wuri zai rage."

Daga cikin gareji muka jiyo Baba: "Na mutum biyu ne, kai da tumbinka."