Sai Gashin Apondi Ya Fito

Ranar Alhamis likitocin birnin Kisumu suka sa za su buɗe kan Owiti su cire ƙarin da ya fito masa a ƙwaƙwalwa. Mutumin da ya shekara ashirin yana jan koma a tafki, ga shi cokali ma sai ya laluba. Idon hagu ya riga ya tafi. Likita ba ta ɓoye wa matarsa Apondi komai ba: in aka wuce mako uku, ba sauran abin da tiyata za ta gyara.

Shi kuwa gogan, wai ba wuƙar yake tsoro ba, askin da za a yi masa ne ya tsaya masa a rai.

Akwai matan da ke taruwa a gindin mangwaro bayan ɗakin marasa lafiya, dukansu masu jinyar irin wannan ciwo. Su ke nuna wa baƙuwa wurin wanki, su riƙe ta ranar da kuka ya ci ƙarfinta. In za a shiga da wani tiyata, mai jinyarsa kan aske kanta don kada ya ga shi kaɗai ne. Apondi ta zauna a kan bokiti, aka yi mata ƙwal.

Da ya gan ta, Owiti ya yi dariya har da tari, ya kira ta da sunan garinsu.

"'Yar Alego, ashe haka ƙeyarki take? Da na sani da na rage saniya ɗaya a sadakinki!"

"Ji mai bakin magana. Kai dai sa hannu a takarda."

"Zan sa. Amma ɗauko min Inna tukuna ta sa min albarka."

Murna ce ta ja mata. A hanyar ƙauye a kan acaɓa iska ta fizge ɗankwalinta, ta ce a bar shi, sauri take. A al'adarsu mace ba ta aske kai sai an rufe mijinta da kwanaki. Kowa ya san haka, ita ma ta sani, zaman asibiti ne ya mantar da ita. Wata mai shanya kifi ta hango ta, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Kafin Apondi ta sauka, kuka ya kama gida uku.

Surukarta ta fito tana birgima a ƙasa. "Kin binne min ɗa a birni kamar marar dangi!"

"Yana raye, Inna! Ko da safen nan ya sha kunu!"

Tsohuwa ta miƙe tsaye ta dubi kan Apondi.

"Yana raye kika yi masa aski? To ai kin share wa mutuwa hanya."

Washegari a asibiti tsohuwa ta tsaya a gefen gadon ɗanta ta yanke hukunci: ba wanda zai kai masa wuƙa sai gashin matarsa ya fito ya rufe abin da ta jawo. Likita ta yi bayani har muryarta ta dushe. Matan gindin mangwaro suka cire ɗankwali suna nuna kawunansu, ɗaya ta ce ga nata mijin can yana takawa. Tsohuwa ta ce nasu daban, nata daban. Owiti ya dubi kan matarsa da idon da ya rage, bai yi dariya ba. Ya ture takardar.

Ranar Alhamis aka shiga da wani.

A gida Apondi ta shafa man kwakwa, ta goga albasa, ta gwada duk abin da aka ce yana sa gashi. Baƙin ciki ya hana ta cin tuwo, don ta san da kanta ta zauna a kan bokitin nan. Gashi kuwa ba ya jin roƙo. A ƙarshen mako na uku ɗan kaushi ne kawai a kan.

Tana ba Owiti ruwa ya ɗaga hannu yana neman kanta, ya shafi iska.

"Ya fito?" Yana tambaya yana kallon bango, gefen da ba ta nan.

"Saura kaɗan," in ji ta.