Riga Mai Kabewa

Yaron ya zo kafin lokacinsa, a ƙarshen watan Oktoba, sa'ad da ganyen itatuwan unguwar Glenwood ya yi ja ya fara zuba a bakin titi. Ƙarami ne ƙwarai, jikinsa kuma ba ya riƙe ɗumi. Sai da ya kwana a akwatin gilashi kafin a miƙa wa Rahama shi. Ranar sallama likita ta tsayar da ita da mijinta Ma'aruf ta faɗa musu, ta kuma maimaita: in jikinsa ya sake yin sanyi, asibiti za a mayar da shi a kwantar. Duk abin da babba ya sa, a ƙara wa yaron ɗaya a kai. Ma'aruf ya gyaɗa kai ya ce ya ji.

Rahama ba ta sayi komai ba kafin haihuwa. Ɗan fari ne, a gidan da ta tashi kuwa mace ba ta tara wa cikin fari kaya, iyaye ne ke yi. Ita ga tata uwar can Kano. Kayan barka da aka yi ta kawowa duk sun yi masa yawa, in an sa masa sai ya ɓace a ciki kamar an jefa ludayi a buhu. Don haka a hanyarsu ta dawowa daga awo ta ce wa Ma'aruf ya tsaya a wani kanti a titin Gate City Boulevard. Ya ce mai jego ba ta yawon kanti. Ta buɗe ƙofa ta fita tana dafa mota.

Wurin kayan bakwaini ɗan kaɗan ne. Rabinsu ragowar na zafi ne, masu gajeren hannu. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana goga su a kumatunta. Ta ajiye masu maɓalli a baya, ta ajiye waɗanda sai an cusa ta kai. Can ƙarshe ta sami wadda take nema: riga haɗe da wando har tafin ƙafa, zif daga wuya zuwa idon sawu, cikinta da laushi kamar sabuwar auduga. Zane ɗaya ne ya rage a wannan girman, ƙananan kabewa jajaye ko'ina a jiki. Ta ɗauki uku, ta haɗa da hula.

A cikin ɗaya daga cikinsu aka kai shi suna.

A gidan Hajiya Aishatu aka yi taron, a unguwar Sedgefield, domin gidansu Rahama ba zai ɗauki mutane ba. Hajiya ita ce babbar yayar Ma'aruf, ita ta kawo shi ƙasar Turawan nan, ita ta riƙe shi har ya tsaya da ƙafarsa. Da safe aka raɗa wa yaron suna Yahya, sunan mahaifinsu marigayi, aka yi masa aski. Da rana mata suka cika falo, ƙamshin waina da miyar taushe ya cika gidan. Rahama tana ɗakin ciki a bakin gado, mayafi har goshi, kamar yadda ya kamaci uwar ɗan fari: ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kallonsa, balle ta yi magana a kansa. Sunan ma na surukinta ne, ba mai shiga bakinta ba. Maƙwabciyarta Tchima, Maman Anissa, mutuniyar Damagaram, wadda ke dafa mata ruwan wanka tun da ta dawo, ita ke riƙe da shi.

Hajiya ta shigo da leda a hannu, mata huɗu ko biyar a bayanta. Ta zare wata 'yar riga da wando na shuɗiyar shadda, da aiki a ƙirji. Ta ce daga babbar rigar Baba aka yanka. Tun rasuwarsa take ajiye da ita. Da aka ce namiji ne sai ta aika da ita Kano wurin tela, jiya ta iso. Mata suka yi ta addu'a. Rahama ma ta ji abin a ranta, domin rigar ta yi kyau. Da aka ajiye kusa da ita ta taɓa da bayan hannu a fakaice. Sanyi kamar faranti, ga tauri, ga wuyan a buɗe, hannuwan kuma ba su wuce gwiwa ba.

Hajiya ta yaye shawul ɗin da ke jikin yaron, sai ta tsaya.

"Wa ya sa masa kayan bikin fatalwa?"

Wata ta yi dariya ta ce ai duk watan nan haka ne, makarantar 'ya'yanta ma ba inda za ka taka sai kabewa. Tchima ta dubi Rahama, Rahama ta dubi ƙasa.

"Haba Hajiya," in ji Tchima, "kabewa ce fa. Irin wadda ke tafasa a tukunyarki yanzu haka."

Aka sake dariya, ban da Hajiya. Ta ce ta tukunya daban, wannan ta ƙofar gidan Turawa ce da ake fafewa a sa wa fitila. Tchima ta ce to a ɗora shaddar a kai mana, ai rigar ta yi masa yawa, za ta shiga. Ta ce likita ta yi kashedi a kan sanyi.

"Rigar Baba a kan wannan? Hannu da ƙafa duk a waje? Hoton nan har Kano za shi, Maman Anissa. Ku can ban san yadda kuke yi ba."

Ta ce 'ya'ya huɗu ta haifa a ƙasar nan, biyu cikin ƙanƙara, ba wanda ya narke. Ta ce yanzu za a dawo da shi ciki, hoto ne kawai a bayan gida, inda ganyen ya yi kyau. Tana magana tana zuge zif ɗin. Yaron ya tsandara kuka da iska ta taɓa shi. Ta bar masa nafkin da 'yar shimi, ta zura masa shaddar, ta ɗora wata 'yar hular zanna a kan da aka aske ɗazu. Rigar kabewa ta jefa kan gado da yatsa biyu.

Rahama ta ji maganar ta taso mata. Ta haɗiye. Duk ɗakin suna jiran su ga irin tarbiyyar da aka yi mata, ta sani, kuma labarin zai riga hoton isa wurin mahaifiyarta. Aka fita da shi. Tchima ta bi su tana cewa za ta tsaya a kai.

Rahama ta matsa jikin taga.

Bayan gidan Hajiya yana kallon filin golf, ba katanga, iska na zuwa kai tsaye tana kwasar ganye. Hajiya ta zauna a kujera da yaron a hannu. Mai hoto ya ce a matsa nan, ya ce a koma can, rana ta shiga gajimare a jira ta fito. Rahama ta fara duba mutanen ɗaya ɗaya. Mai hoto yana cikin jaket har wuya. Hajiya da suwaita a ƙarƙashin leshi, ana ganin hannunta. Yaran da ke guje-guje kowa da rigar sanyi. Ma'aruf yana gefe cikin maza, jaket a kan kaftani, hannu a aljihu. A duk filin nan mutum ɗaya ne ƙafarsa ke waje.

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Ma'aruf: a shigo da shi. Tana kallo ya zaro wayar, ya karanta, ya ɗaga kai ya dubi tagar. Sannan ya dubi yayarsa. Ya mayar da wayar aljihu.

An gama hoto sai aka kira Kano ta bidiyo. Goggo za ta gani, Inna za ta gani, a ɗaga shi sama a ga aikin ƙirjin, a jira a kira wance tana salla. Tchima ta miƙa shawul, Hajiya ta ture da gwiwar hannu, ta ce yana rufe rigar. Hular ta faɗi, wani yaro ya ɗauka yana wasa da ita.

Yaron yana ta kuka tun da aka fita. Rahama tana jin kukan ta cikin gilashi, yana sukarta, amma tana riƙe da shi kamar igiya. Sai kukan ya yi ƙasa, ya koma ɗan ƙugi. Daga nan ya tsaya. Wata daga cikin matan ta ce ka ga, ya saba.

Rahama ba ta nemi takalmi ba. Ta ratsa falon, mata suna janye ƙafa, ta tura ƙofar baya ta taka ciyawa mai sanyi har gaban kujerar.

"Anti, ba ni ɗana."

Daga cikin wayar wata tsohuwar murya ta tambaya wace ce wannan. Hajiya ta dube ta daga ƙafa zuwa kai.

"Me kika ce?"

"Ɗana. Ba ni shi."

Ba ta jira ba, ta sa hannu biyu ta ɗauke shi. Ƙafafunsa kamar an ciro su daga firji. Ta cusa shi cikin mayafinta ta juya.

A ɗaki ta cire shaddar a hankali, ba don komai ba sai don kada aikin ya karce shi. Ta buɗe gaban rigarta ta manna shi da fatarta, Tchima ta lulluɓe su da bargo. Hajiya ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, Ma'aruf a bayanta, matan kuma a bayansa.

Hajiya ta ce tun da take ba ta taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba. Ɗan fari, a gaban maza, a gaban dangin Kano. Ta ce ba ita aka wulaƙanta ba, mai rigar aka wulaƙanta a kabarinsa. Ta ce wa ƙanenta ga abin da ya auro. Rahama ta bar ta har ta gama, ba ta ɗaga ido ba. Ma'aruf ya matso ya sassauta murya, ya ce ta ba Yaya haƙuri kawai a wuce wurin, kowa ya san ba da mugun nufi aka yi ba.

Sannan ta ɗago.

"Ita ba ta ji abin da likita ta ce ba. Kai ka ji. Kana tsaye a cikin jaket."

Ta ƙara da cewa:

"Kunyar da ake nema, kai ka yi mana ita, ta ishe mu mu biyu."

Can ƙarƙashin bargon yaron ya motsa, ya laluba ya kama nono da ƙyar, sannan ya fara ja. Ta jira har ta ji ƙirjinsa ya ɗauki ɗumi. Ta fito da shi ta shimfiɗa, a gaban idon kowa ta zura masa rigar kabewa, ƙafa ɗaya, ƙafa ta biyu, ta ja zif har wuya, ta sa masa hular ulu. Ta ninke shaddar yadda ta zo ta mayar cikin ledarta, ta ajiye a kan matashi. Ta ce wa Tchima ta taimaka ta ɗauko mata takalmi.

Hajiya ta ce in aka fita da yaron nan daga gidanta ana tsakiyar suna, kada a sake kawo mata shi. Rahama ta ɗauki jakarta. Ta tsaya a gaban Ma'aruf ta miƙa hannu ya ba ta makullin mota. Ya daɗe yana kallon hannun. Bai ba ta makullin ba, amma ya sunkuya ya ɗauki kujerar motar yaron ya yi gaba.

Suka bar Sedgefield. Ma'aruf ya kunna hitar mota har ƙarshe. Wayar Rahama ta fara ruri a cinya, lambar mahaifiyarta ce. Ta katse, kiran ya sake shigowa. Rahama ta kife wayar. Tana zaune a baya kusa da kujerar, ta zura yatsa biyu ta wuyan rigar. Ɗumi. Ta bar su a wurin.

A fitilar hanya da ke kusa da kantin Ma'aruf ya dube ta ta madubi, ya ce a hankali gobe sai sun koma sun ba da haƙuri, in ba haka ba maganar nan ba za ta mutu ba.

"Gobe nan za ka dawo," ta ce. "Uku ba za su isa ba, wanki bai bushewa. Ka ƙaro biyu, da safa."

Ya ce to in ba a sami wani zanen ba fa.

"Ka sayo mai kabewar."