Inda Kaka Ya Kayar da Zaki

Duk wanda ya taɓa shiga gonarmu ya san lanƙwasar. Kunyoyin huɗa suna tahowa ɗoɗar tun daga bakin hanya, suna isa tsakiya sai su karkace, su kewaye wani ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma ba, sannan su sake miƙewa. Ba a shuka komai a wurin. A nan ne, in ji danginmu, Kaka ya kayar da zaki.

Kaka shi ya fara sare dajin nan, lokacin babu gida ko ɗaya, babu rijiya, sai sauro da birai. Daga shi sai matarsa Inna da 'yarsu ta fari da jaki guda suka iso. Yau jikokinsa sun cika unguwa: akwai direba, akwai tela, akwai malamin makaranta, akwai irinmu da ba mu zama komai ba. Kowa ka gani da hancin Kaka da surutunsa.

Maganar zaki kuwa, ni dai ina ƙarama kura ce. Da na shiga makaranta ta zama damisa. Ranar da Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya zama babban gida, sai ga zaki, har da geza. In Allah ya ja kwanan Baffa, wallahi giwa za mu ji.

To, yankin da lanƙwasar take rabon mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, kuma ƙanena Auta ke nomawa. Da shi yake ci da matarsa da 'ya'yansa, ba shi da wata sana'a. Bara ya ɗauko hayar tarakta. Safiyar da za a yi huɗa sai cikin matarsa ya motsa, ya kwashe ta sai asibiti, bai tsaya yi wa mai tarakta bayani ba. Shi kuwa bawan Allah baƙo ne, ina ruwansa da zaki? Ya ga layi a karkace ya ce wannan aikin ragwaye ne, ya bi ta kai ya miƙar da shi tas. Har yana jiran a gode masa.

Tabɗi! Kafin Auta ya dawo da labarin haihuwa, labarin gona ya riga shi shiga gari.

Baffa ya tara mu a falonsa. Ga hoton Kaka a bango, ga tsohon gatarinsa rataye a ƙasan hoton, ana shafa masa mai duk shekara. Fanka tana ta kuka a sama ba iska. Auta ya durƙusa kusa da takalma, idonsa ja saboda rashin barci. A lungu kuma ga Goggo, 'yar farin Kaka, wadda aka zo da ita dajin, tana gyangyaɗi a kujerarta. Goggo ta daɗe da kurumcewa, sai dai in an ambaci nama.

"Wanda ya taka tarihin ubanmu," in ji Baffa, yana buga sanda, "ba zai ƙara taka gonar ubanmu ba. Daga bana Tela zai karɓi yankin."

Tela ɗansa ne. Tela da bai san bambancin gero da ciyawa ba sai an dafa! Raina ya ɓaci, na buɗe baki, Baffa ya harare ni na mayar da shi na rufe. Auta kuwa haƙuri kawai yake bayarwa. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, don na san in gonar nan ta tafi, jaririyar da aka haifa jiya yunwa za ta tarar.

Baffa ya gyara zama ya shiga labarin da muka haddace. Yadda zakin ya yi tsalle, yadda Kaka ya jefar da gatari ya tare shi da hannu, yadda ƙasa ta girgiza.

"Barci yake yi."

Duk muka waiga. Goggo ce, idonta a rufe.

"Yaya, me kika ce?" in ji Baffa.

"Na ce barci yake yi. Ka kurumce ne?" Ta buɗe ido ɗaya. "Kai ina ka san Baba yana noma? Lokacin da aka haife ka ai gona ta riga ta zama gona. Ni nake riƙe masa buta."



"Wurin nan yashi ne mai sanyi," in ji ta. "Da hantsi ya yi sai Baba ya ce bayansa ya riƙe. Ya kafa sanda biyu, ya rataya rigarsa ta yi masa inuwa, ya miƙe. Inna ce ke huɗa, da goyo a bayanta. In ta iso kansa ba ta tashinsa, sai ta kewaye shi ta wuce. Shekara da shekaru haka. Ni kuma aikina korar ƙuda."

"Subhanallahi!" in ji Baffa. "To, gatarin nan fa?"

"Nata ne. Duba ƙotar, ai ta yi wa hannun namiji gajarta."

Malamin makaranta ya miƙe ya duba, ya dawo ya zauna yana sosa ƙeya.

Tela ya yi ƙarfin hali ya ce, "Amma Goggo, ai dai shi ya zaɓi wurin."

"Jaki ne ya zaɓa. Nan ya turje ya ƙi gaba, Baba ya ce shi ma abin da ya gani ke nan."

Dariya ta kufce wa direba, ya mayar da ita tari. Ni kam ban ɓoye tawa ba.

Baffa ya share gumi. "To, zakin fa, Yaya? Ko kura ma babu?"

"Baƙi ne suka fara zuwa neman fili, suka tambayi dalilin lanƙwasar. Baba ya ce kura. Inna tana tsaye da fartanya, ta dube shi, ta dube ni, ta ce in rufa wa ubana asiri. Na rufa. Kuna ta ƙara wa dabbar girma ina jinku, ban tanka ba, don ƙarya ce da ba ta cin kowa. Amma yau za ta ci gonar marayan nan, ga ɗanyen goyo a gidansa? A'a."

Ta ɗaga kai ta dubi hoton da ke bango, muryarta ta sauya.

"Ta sare daji, ta haƙa rijiya, ta haife ku duka. Ko hotonta ba ku da shi. Cikin ku nan wa ya san sunanta na yanka?"

Muka dubi juna. Baffa ya sunkuyar da kai, ya motsa leɓe, bai samo ba. Dariyar da ke bakina ta mutu, na ji hawaye. Goggo ta faɗi sunan, a hankali, sau ɗaya, ta koma gyangyaɗinta.

Ba a sake maganar karɓe gona ba. Baffa ma cewa ya yi dama gwada Auta yake yi. Ranar suna kuwa, jaririyar Auta ta ci sunan Inna.

Da damina ta kewayo na je gonar. Na tarar Auta ya sa mai tarakta ya mayar da lanƙwasar yadda take, har ya ɗan ƙara mata faɗi. Na ce masa, "Kai kuma meye haka, bayan ka san ba zaki?"

Ya ce, "Yaya, wannan layin hannunta ne. Shi kaɗai ta bar mana."

A tsakiyar filin kuwa ga sanda biyu a kafe, da riga a rataye. Baffa ne ya zo duba aiki, bayansa ya riƙe.