Shaidar Njidda a Gaban Kwamiti

Shekara biyu da mayar da Jalingo babban birnin jiha, aka faɗaɗa titin da ya bi ta gefen kasuwa, aka zuba masa sabuwar kwalta. Tun daga nan motoci suka daina taka birki. A kan wannan titi ne wata tipa ta kwashe Salihu, mijin Malama Rukayya, yana tura kekensa zai tsallaka da hantsi.

Njidda, amininsa tun suna yara, direba a tasha, yana wurin. Shi ya ɗauke shi a motarsa zuwa asibiti, kuma a kan cinyarsa ya cika. Ranar sadakar bakwai ya ce wa Rukayya, yana share hawaye da hannun riga, "Malama, da idona na gani. Gudun tipar nan ba na mai hankali ba ne. Duk inda za a kai maganar, ni zan faɗa."

Da ta fita takaba, Rukayya ta koma koyarwa a firamare, ta kuma shiga bin gidajen unguwar Sarkin Dawaki tana haɗa kan iyaye. Buƙatarsu ita ce a rage gudun da aka ƙayyade wa motoci a bakin kasuwa, a yi tudu a kan kwalta. Bayan dogon zirga-zirga aka kafa kwamiti ya duba. A tsakanin nan kuwa direbobin tasha sun zaɓi Njidda shugabansu. Rukayya ta yi murna, a ganinta maganarsa ta ƙara nauyi ke nan.

Ranar zama, ɗakin ya cika da iyaye da direbobi. Shugaban kwamiti ya kira Njidda. Ya miƙe cikin babbar riga, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, titin nan ba shi da laifi. Mutanenmu ne ba su iya tsallake ba. In aka rage gudu, mai zuwa Sunkani sai ya wuni a hanya."

"To, hatsarin marigayi Salihu fa? An ce kana wurin."

Njidda ya dubi silin. "Allah Ya jiƙansa. Bai duba hagu ba ya shiga."

Rukayya ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a ƙeya. Kwamiti ya bar gudun yadda yake, ya ce za a kafa allon gargaɗi.

A bakin ƙofa Njidda ya tare ta, ya rage murya. "Malama, useni, don Allah, ki fahimce ni. Mutane da yawa ke cin abinci a bayana. Maganata ba za ta dawo da shi ba."

"Ban ce ka dawo da shi ba, Alhaji. Da shiru ka yi, da na yafe. Amma ka ɗora masa laifi, shi da ba zai iya tashi ya amsa ba."

Ta gyara mayafinta ta wuce.

Da salla ta zo, ya aiko da buhun shinkafa. Ta sa aka mayar masa ba a kwance bakinsa ba. Daga zangon karatu na gaba, kowace safiya takan tsaya a bakin titin, ta tara 'yan ajinta, ta ɗaga hannu har sai motoci sun tsaya. Wasu direbobin su tsaya, wasu su danna mata ham su wuce.