Fakon da Mata Ke Shiƙa

Zahara ɗiyar Idrisa ta yi karatun lantarki a Tawa, kuma da kaka ta yi, ita kamfaninsu ya turo ƙauyen uwarta, arewa da Takanamat, da wani ɗan abin awon iska mai kofuna uku a kan dogon ƙarfe. Za a kafa babbar farfela, irin sabuwar nan da iska ke juyawa ta ba gari duka wuta. Amma farfela guda ce, garuruwa biyu ke so. An ba Zahara wa'adin wata ɗaya: in awo bai nuna iska isasshe ba, sai a kai farfelar ɗaya garin, wajen Kalfu.

To, kun san mutanenmu da baƙo. Dattawa suka ce abin da ya zo daga nesa ba a yar da shi a daji kamar jaki. Suka sa aka kafa ƙarfen a ƙofar gidan maigari, tsakanin masallaci da manyan itatuwan dogon yaro, inda ake shimfiɗa wa manya tabarma. Zahara ta so ta yi magana, amma kawunnanta ne, sai ta haɗiye.

Sati biyu kofunan nan suna juyi kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Attaher, taubashinta, kullum sai ya biyo da raƙuminsa ya tambaya ko abin nata azumi yake. Har ya ce in ta biya shi da goro, zai zauna ya riƙa hura masa.

Ran nan ta tafi gidan gwaggonta Haula, ta zauna ta kasa shan fura. Haula ba ta tambaye ta komai ba, ta dai ɗora mata ƙwaryar hatsi ta ce su tafi shiƙa. Suka wuce rijiya, suka wuce gonaki, har wani fako tsakanin duwatsu biyu. Tafiyar da nisa, Zahara ta yi ƙorafi.

"Ke da bokonki," in ji Haula, "kina tsammani don son tafiya muke zuwa nan tun zamanin kakata? Cikin gari iska wasa yake. Nan ne yake aiki."

Ta ɗaga ƙwarya ta zuba. Hatsi ya sauka, ƙaiƙayi ya miƙe yamma sak, bai karkace ba. Zahara ta tsaya tana kallo har mayafinta ya tashi ba ta sani ba.

Saura maganar dattawa. Haula ta ce a bar mata. Da la'asar ta je ta durƙusa gaban maigari, ta gaishe shi da kyau, ta ce baƙon nan nasa ya rame, shi ba inuwa yake ci ba. Maigari ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya ce a kai shi inda zai ƙoshi.

Attaher ne ya ɗauki ƙarfen a raƙumi. A fako kofunan suka kama gudu har ba a ganin su. Kwana goma sha biyu Zahara tana tura awo Tawa ta waya, ran na sha uku aka kira ta aka ce farfela tasu ce.

Mata suka yarda su matsa gefe da shiƙarsu, da sharaɗi guda: kafin a ja wuta gidan kowane namiji, a fara kai ta injin niƙa. Maigari ya duba dattawa, dattawa suka duba ƙasa, aka shafa fatiha.